Hannun Jagora

Akwai wani magidanci da in ka ce masa rana ta fito, sai ya leƙa taga ya gani da idonsa, sannan ya dawo ya ce maka ba fitowa ta yi ba, gajimare ne ya matsa. Shi ya sa abokansa suka laƙaba masa Sarkin Musu, sunan kuwa ya bi shi har wurin aiki, inda yake ja wa manyan gine-gine wayar lantarki. Ba mugu ba ne ko kusa. Hannunsa a sake yake, yana kuma ji da iyalinsa, kalmar "to" ce kawai take masa nauyi a baki. Abu biyu ne ba a taɓa ganin ya sauke ba: magana in ya ɗauko ta, da hular da yake rufe sanƙonsa da ita.

Matarsa malamar lissafi ce a makarantar sakandare, kuma ta daɗe da gano lagonsa. In tana so a sayi labule shuɗi, sai ta yabi kore, ta koma gefe ta zuba ido. Kafin yamma shuɗin yana rataye a falo, maigida yana ta yi mata bayanin abin da ya sa ya fi kyau. Haka suke zaune lafiya lau, har manyan 'ya'yansu suka kama gabansu, saura Auta da take jami'a.

Wuri ɗaya ne tak a duniya da mutumin nan yake bin umarninta ba tare da ya ce uffan ba, wato daji, ranar Asabar.

Suna da wata tsohuwar jif mai jan ƙafa huɗu da suke kira Kunkuru, don ba ta sauri amma ba ta fasa isa. Na'urar sanyinta ta mutu tun Auta tana firamare, kujerunta kuwa ba su san tausayi ba. Duk Asabar sukan haɗu da wasu mutane irinsu, waɗanda Allah ya jarabce su da ƙin kwalta. Akwai Mai Burodi, ƙato mai dariya da dukan jikinsa, akwai Lauya, wanda ko gaisuwa sai ya sa mata sharaɗi, da wasu 'yan kaɗan da suke zuwa yau gobe su ɓace. Sai su bar hanya mai kyau da gwamnati ta sha wahalar shimfiɗawa, su nufi inda ko jaki sai ya yi shawara kafin ya taka. Kada ka tambaye su dalili, don su ma ba su da amsar da za ta gamsar da mai hankali.

To, hawan dutse da mota yana da wani sha'ani da na waje bai sani ba. Da zarar hancin mota ya ɗaga, direba ya makance. Ba ya ganin komai ta gilashi sai bonet da sararin sama, tayoyinsa kuwa suna can ƙasa suna lalube tsakanin rami da tsini. Dole wani ya sauka ya tsaya a sama, inda direba zai hango shi, ya riƙa yi masa magana da hannu, tunda ƙarar inji ba ta barin a ji murya. Yafito yana nufin taho. Babban yatsa ya nuna dama ko hagu. In an haɗa yatsu biyu kamar za a ɗebi gishiri, to a hankali, kaɗan-kaɗan. In kuwa aka dunƙule hannu, ka taka burki ko da kana ganin ba dalili. Dokar ɗaya ce: idon direba a kan hannun jagora, in ya daina ganin hannun ya tsaya.

Malama ba neman wannan aiki ta yi ba, tsoro ne ya ba ta shi. A farkon fitarsu, a wani kwazazzabo mai jerin duwatsu da suke kira Haƙarƙari, Kunkuru ta karkace har ta ga ƙasa ta tagarta. Ta ce a sauke ta, ita 'ya'yanta ƙanana ne. Da ta sauka ta zagaya gaba, sai ta ga tayar hagu tana lilo a iska, saura ƙiris ta zame. Ba ta san sanda ta ɗaga hannu ta dunƙule ba. Ga mamakinta, mutumin ya tsaya cak. Ta nuna dama, ya murza dama. Ta yafito shi, ya taho. Idonsa bai bar hannunta ba har suka fita, kuma bai ce mata ai da hagu aka bi da ya fi ba. Tun daga ranar 'yan Asabar suka daina ce mata Malama, suka koma Jagora.

Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, amma wannan tsayuwar ita ce abin da ta fi so a duk mako. Ba wai don tana juya shi ba. Abin da yake mata daɗi shi ne kallon, yadda mutumin da ba ya yarda da agogon bango sai ya duba na hannunsa yake miƙa mata motarsa da wuyansa, ya zuba mata ido kamar ba kowa a duniya sai ita.

Ana nan sai Mai Burodi ya zo da labarin wata a-kori-kura da aka kawo wurin wani dillalin motoci. Ya ce kada sunan ya ruɗe su, ba irin wadda ake ɗaukar buhuna da ita ba ce. Wannan an ƙera ta ne don gudu a kan duwatsu, injinta ya ninka na Kunkuru, tayarta ta kai ƙugun mutum, kuma in ta faɗa rami ko shayin hannunka ba zai zube ba. Sarkin Musu ya ce ƙarya ne, ba motar da za ta yi haka. Ya tafi ya gani don ya ƙaryata. Ya dawo gida da wani murmushi da bai san yana yi ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Washegari Malama ta same shi a ƙofar gida da tef ɗin awo, yana gwada faɗin get. Da ta tambaya, ya ce duba ƙarfen yake yi ko ya fara tsatsa. Kwana biyu bayan haka ya kwashe tarkacen gareji, har da tsohon keken Auta. A kan tebur kuwa zance ya koma ɗaya, ana cin abinci ana jin yadda ƙasan motar nan yake da sulke, da zurfin ruwan da take ƙetarewa.

"Baba, saya za ka yi ke nan?" in ji Auta.

"Wa ya ce miki? Magana kawai nake yi."

"Maganar ce ta sa ka auna get?"

"Ci abincinki." Ya juya wajen matarsa, ya sassauta murya. "Maman yara, ke me kika gani? Kin san Kunkuru tamu ce mu biyu. Ba zan kawo wata ba sai da yardarki."

Wannan tambaya ta ba ta mamaki, ta kuma ji daɗinta. Gaskiya ita ma ba ta ƙi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: duk Lahadi da ciwon baya take tashi, ta wuni tana dafa ƙugu, ran Litinin ta tsaya gaban allo tana cije leɓe. Sun kuma yi shekaru suna tanadi, sayen ba zai taɓa karatun Auta ba. Har ta buɗe baki za ta ce a je a gwada, sai ya ƙara da abin da yake ganin shi ne zai fi faranta mata.

"Ke ce ma za ki fi kowa morewa. Kyamara gare ta gaba da baya, har ƙarƙashi. Akwai allo a gaban direba, duk dutsen da taya za ta taka kana ganinsa. Kin huta ke nan. Ba sauran sauka ki tsaya cikin rana kina ɗaga hannu."

"Allah sarki," in ji ta. Ta tashi ta hau tattara kwanuka, alhali ba a gama ci ba.

Auta ta biyo ta kicin, ta jingina da firji tana kallonta.

"Mama, ranki ya ɓaci."

"Ni? A kan me?"

"Ke kika sani. Amma in ba kya so, ki gaya masa mana. Ko ki yi masa irin ta labule, ki ce ya saya, kin san zai fasa."

Malama ta yi dariya duk da abin da yake ranta, ta watsa wa yarinyar ruwan hannunta. Dabarar labule tana aiki ne in ka san launin da kake so. Ita kuwa yanzu biyu take so, bayanta yana son motar, zuciyarta tana tsoronta. Kuma ta yaya mace mai furfura za ta dubi mijinta ta ce kada ka sayi mota don ina so ka riƙa kallona? Ko a ranta da ta faɗa sai da ta ji kunya.

Dillalin ya yarda a gwada motar ran Asabar, da sharaɗin yana ciki. Mutum ne mai tsabta da laushin harshe, wanda ya sa farin takalmi zai shiga daji. Motar kuwa, a faɗi gaskiya, ta haɗu. Ja ce, faffaɗa, in aka tayar da ita kana jin gurnaninta a ƙirjinka. Sai da Malama ta kama ƙarfen ƙofa ta taka matakala kafin ta hau. Da ta zauna, kujerar ta karɓe ta, sanyi ya ratsa ta, ta ji haushin yadda abin ya yi mata daɗi.

A inda suka saba tsayawa rage iskar taya kafin shiga duwatsu, musu ya kaure. Lauya ya zagaya motar hannu a baya.

"Ta yi faɗi," ya ce. "Hanyar bakin rafi ba za ta shige ba sai ta bar fentinta a jikin ƙaya. Sannan wannan ba shan mai take yi ba, wanka take yi da shi. In kuma ta lalace a nan, wa zai taɓa ta? Kunkuru ko da waya da filaya ka lallaɓa ta ta kai ka gida."

"Kai dai ka ce ba ka da ita," in ji Mai Burodi. "Mutum ya yi shekaru yana girgiza kamar garin da ake tankaɗe, yanzu Allah ya kawo masa sauƙi ka ce fenti?"

"Ba na ce kada ya saya ba. Na ce ya yi tunani."

"Tunaninka ne ya sa har yau kake tura taka kafin ta tashi."

Abin mamaki, Sarkin Musu bai sa baki ba. Yana tsugune yana shafa taya kamar mai lallashin jariri.

Har suka isa Haƙarƙari Malama ba ta ji girgiza ko ɗaya da ta kai mata baya ba. Da motar ta tsaya a gindin duwatsun, hannunta ya buɗe ƙofa da kansa, don jiki ya riga ya saba.

"Malama, ai ba sai kin sauka ba," in ji dillali daga kujerar baya. "Komai yana nan a allo."

Ta riga ta sauka. Ta hau ta tsaya a kan faffaɗan dutsen da take tsayawa kullum, ta gyara mayafinta, ta ɗaga hannu ta yafito. Motar ta taho. Ta nuna dama, motar ta yi dama, har ta ji sanyi a ranta. Sai da hancin ya sauko kaɗan ta hango cikin gilashi, ta ga ba fuskarsa take gani ba, tsakiyar hularsa ce. Kansa a sunkuye yake, idonsa a kan allo. Damar da ya yi ba tata ba ce, hanyarsu ce kawai ta zo ɗaya.

Akwai wani tsinin dutse a tsakiyar hawan da Kunkuru ba ta taɓa wucewa ba sai an kauce masa. Malama ta ga sarai wannan motar ta fi ƙarfinsa, tsayinta zai haye shi ba tare da ya taɓa ta ba. Duk da haka ta dunƙule hannu, ta ɗaga shi sama sosai. Tana so ta gani ne kawai.

Motar ba ta ko rage tafiya ba. Ta haye tsinin, ta haye na gaba, ta wuce ta gefenta da gurnani da hucin zafi, ta tsaya a sama. Malama ta tsinci kanta da hannu a iska, ba mai kallonsa. Ta sauke shi a hankali ta kai wuya, kamar dama mayafi za ta gyara.

Sarkin Musu ya diro yana washe baki kamar yaron da aka saya wa keke.

"Kin gani? Kin gani kuwa? Ko gezau! Wallahi kamar a kan tabarma nake tafiya."

"Na gani," in ji ta. "Ta iya hawa."

"Sai kin gwada da kanki. Gani ya kori ji, amma taɓawa ta kori gani."

"Ni? Rufa min asiri. Tuƙina daga gida zuwa makaranta ne."

"Ba kuloci, ba canjin giya, totur ne kawai da burki. Zan sauko da ita, ki hau. Ni zan yi miki jagora yau." Ya gyara zaman hularsa. "Shekara da shekaru ina kallon yadda ake yi, ai na haddace."

Mai Burodi ya ce lallai yau akwai kallo, ya nemi dutse ya zauna.

Ta yarda ne da wata manufa a ranta. Ta ƙudurta ko sau ɗaya ba za ta kalli allon nan ba. Za ta kafe shi da ido tun daga ƙasa har sama, ta bi hannunsa ko da ya yi kuskure, don ya ga yadda ake yi wa mutum, ya ji kunya ba tare da ta ce masa komai ba. Ta zauna bayan sitiyari, dillali ya matso mata da kujera, ta yi bisimilla. Can sama ga maigida a kan dutsenta, ya buɗe ƙafa, yana yafito ta da hannu bibbiyu kamar mai kiran jirgi.

Ta taka totur kaɗan. Motar ta ɗaga hanci, duniya ta ɓace, ba ta ganin komai sai jan bonet da sama, da hannuwansa can a gefen gilashi suna ta kaɗawa. Ashe haka yake ji duk shekarun nan? Tayar dama ta hau wani abu, motar ta karkata, idonta ya faɗo ƙasa don tsoro, ya sauka a kan allo. Ga duwatsun nan tar, kowanne da tsagarsa, ga layi biyu masu haske suna nuna inda tayoyi za su bi. Ta murza sitiyari kaɗan, layukan suka lanƙwasa suka kauce wa rami. Ta ce bari ta wuce wannan ɗaya kawai sannan ta ɗago. Ta wuce shi, wani ya bayyana. Tsoro ya fara komawa daɗi. Malamar lissafi ce, ga layi ga kusurwa an shimfiɗa mata, ina za ta iya ɗauke ido? A wani lokaci ta ga wasu ƙafafu sun gilma a gefen allon sun yi tsalle, ba ta ko tsaya tunanin na wane ne ba.

Sai ji ta yi motar ta daidaita. Ta taka burki, ta saki wata ƙara da ita kanta ba ta san tana da ita ba, ta buga sitiyari da tafin hannu.

"Na hau! Wallahi na hau!"

Ta ɗaga kai ta nemi wanda za ta gaya wa, ba ya gabanta. A madubi ta same shi. Yana can baya a gefen dutsen, ƙura ta bule masa riga, hannunsa na dama a dunƙule a sama har yanzu, kamar ya manta da shi a can.

Murnar ta koma ciki. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Duk hukuncin da ta yanke masa ɗazu, ga shi ta aikata irinsa, har da ƙarin kusan take shi.

Mai Burodi yana ta dariya har da riƙe ciki. "Sarki, sauke hannun haka nan, an tashi daga makaranta!" Lauya ya ce a iya saninsa wannan ne karo na farko da aka yi watsi da umarnin jagora a Haƙarƙari. Malama ta ce a ranta, na biyu dai.

Suka koma inuwar bishiyar da suke shan shayi. Sauran suka ja dillali gefe suna leƙa inji, aka bar su su biyu a kan tabarma. Ta zuba masa shayi ta miƙa, ya karɓa bai sha ba. Wanzami dai ba ya son jarfa.

"Na ce ki tsaya," ya ce, ba tare da ya dube ta ba.

"Ban gani ba, Baban yara. Ka yi haƙuri."

"Na dunƙule hannu har ya yi tsami."

"Akwai wani abu ne a gaban tayar?"

Ya juya kofin a hannunsa. "Babu. Hanyarki daidai take." Ya ɗago ido ya dube ta. "So nake in ga ko za ki tsaya."

Dariya ta zo mata tare da ƙwalla, ta rasa wadda za ta fara tarewa.

"Me ya ba ki dariya?"

"Ni ma na dunƙule maka ɗazu. A wajen tsinin nan."

"Ba ki dunƙule ba."

"Na dunƙule."

"Da kin dunƙule ai da na..." Ya dubi dutsen da take tsayawa, ya dubi hannunta da yake riƙe da butar shayi, ya daɗe yana kallonsa. "Haka ake ji ashe," ya ce a hankali. "Kamar an rufe maka ƙofa kana tsakiyar sallama."

"Haka ake ji."

Ya kurɓi shayin, ya ajiye kofin da ƙarfi. "Ba ma saya. A mayar masa da abarsa. Kunkuru ta ishe mu."

"A'a, mu saya."

Ya kalle ta ta wutsiyar ido. "Maman yara, kada ki yi min ta labule."

Ta zaro ido. "Wace ta labule?"

"Kina yabon kore don in sayo shuɗi. Kin ɗauka ban sani ba? Tun muna gidan haya na gane. Ina biye miki ne don shuɗin ya fi kyau dama."

Wannan karon dariyar ce ta yi nasara, har sai da Mai Burodi ya waiwayo. Da ta lafa, ta goge ido da gefen mayafi ta gaya masa gaskiya tsirararta, abin da ba ta saba ba. Ta ce yau ce Asabar ta farko da bayanta bai yi ciwo ba. Ta ce Kunkuru ta tsufa, su ma sun fara, kuma in ana so a ci gaba da fitowa har tsufa ya kama su sosai, sai da irin wannan kujerar. Ta ce ta ji daɗin hawan nan fiye da yadda za ta iya faɗa, kuma tana so ta sake. Auta ta daɗe tana maitar Kunkuru, a bar mata.

"Motar ina sonta," ta ce. Ta sunkuyar da kai tana wasa da murfin buta. "Abin da ba na so shi ne in tsaya a can in ga tsakiyar hularka."

Ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa, ya ƙwala wa dillali kira.

"Malam, allon nan ana kashe shi?"

Dillali ya yi murmushin wanda bai gane tambayar ba. "Ranka ya daɗe, ai shi ne daɗin motar. Mutane saboda shi suke..."

"Na ji. Ana kashe shi?"

Dillali ya shiga ya hau danne-danne. Allon ya nuna taswira, ya nuna rediyo, ya nuna zafin inji, amma da an sa giyar hawa sai kyamarar ta dawo da kanta. Ya fara gumi, ya ce zai kira ofis a tambaya, tabbas akwai yadda ake yi.

"Bar shi," in ji Sarkin Musu. "Koma baya. Ran Litinin ka shirya takardu."

Ya sauko da motar gindin Haƙarƙari, ya daidaita hancinta da hawan. Malama tana tsaye a bakin tagarsa, ba ta san abin da yake nufi ba. Sai ta ga ya kai hannu kansa. Ya cire hular nan da ko 'ya'yansa ba su cika ganinsa babu ita ba, ya rataya ta a kan allon, ya ja ta ƙasa har ta rufe shi ruf. Sanƙon ya fito fili yana ƙyalli. Mai Burodi ya buɗe baki zai yi magana, Lauya ya taka masa ƙafa.

"Jagora," ya ce, "rana tana yi. A nuna mana hanya."

Ta hau dutsenta. Ƙafafunta ba su taɓa jin sauƙin hawan nan kamar yau ba. Ta juyo ta ɗaga hannu, ta ga fuskarsa gaba ɗaya ta gilashi, da idanun nan biyu a kanta. Ta yafito, jar motar ta taho. Ta nuna dama, ya yi dama. Ta haɗa yatsu, ya rage, duk ƙarfin injin nan ya koma rarrafe. Suka wuce tsinin, suka wuce na bayansa, saura ɗan fili mai laushi da ko keke zai haye.

A nan ta dunƙule hannu.

Motar ta tsaya cak, har ƙura ta wuce ta. Ya leƙo da kansa ta taga, rana tana dukan sanƙon.

"Mene ne? Akwai wani abu?"

"Babu komai," in ji ta.

Ya dube ta, ta dube shi.

"To," ya ce. Ya mayar da kansa ciki, ya riƙe burki, yana jira sai ta buɗe hannun.